Tsakanin karaya da makara: abin da ke yanke hukunci a hanyoyin ƙasar Zuru

Idan labarin hatsarin mota ya iso tashar Zuru, tambaya biyu ce ke fara fita daga bakin mutane: "A ina ne?" da kuma "Su wa ke ciki?" Mai tambaya yana so ne ya ji ko akwai nasa a motar. Amma duk wanda ya daɗe yana bin hanyoyin nan ya san amsar tambayoyin biyu ta ƙunshi kusan dukan labarin. Wurin da abin ya faru, da irin mutumin da ya rutsa da shi, su ne ke nuna wanda zai miƙe ya kakkaɓe rigarsa, da wanda za a nufi gidan mai ɗori da shi, da wanda za a aika gida a ce a fara shirin jana'iza.

Zuru mahaɗar hanyoyi ce. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba, kuma kusan kowa a cikinsu sai ya biyo ta garin Zuru in zai je asibiti babba, ko banki, ko makaranta, ko ofishin gwamnati. Ta yamma akwai hanyar da ta tashi daga Dabai ta ratsa Mahuta ta faɗa Koko, inda ta haɗu da babbar hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da Kontagora. Ta kudu a bi Rijau a shiga jihar Neja. Ta arewa a nufi Daki Takwas a jihar Zamfara. Ta gabas kuma sai Ribah da Wasagu da Bena. Ƙasa ce mai duwatsu da hawa da gangara da kwana, kuma tana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar Kebbi, don haka damina ɗaya ta isa ta cinye gefen titi ta bar kwalbati a buɗe.

Alƙaluman ƙasa baki ɗaya suna da abin lura. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta ƙirga haɗurra 10,617 a shekarar 2023, inda mutum 5,081 suka rasu. A 2024 haɗurran sun ragu zuwa 9,570, amma mamatan suka haura zuwa 5,421. Karo ya ragu, mutuwa ta ƙaru. Hukumar ta danganta ƙarin da abubuwa irin su kwasar mai daga tankokin da suka faɗi, da loda mutane a kan manyan motocin ɗaukar kaya. Wannan kuma lissafin abin da ya kai ga kunnen hukuma ne kawai. Babur ɗin da ya kayar da mutum uku tsakanin Senchi da Zuru da almuru, aka kwashe su aka yi gida da su, ba ya shiga littafin kowa.

Kwalta mai kyau, gari a bakinta

Shekara da shekaru mutanen Zuru suka yi suna kuka da hanyar Dabai zuwa Koko, mai tsawon kilomita 87. Ramukanta sun karya sifirin, sun fasa tayoyi, sun sa mai ciki da mara lafiya sun gwammace su haƙura a gida. Da gwamnatin jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris ta ɗauki aikin sake gina ta, babu wanda bai yi murna ba, kuma murnar tana kan hanya. Hanya mai kyau arziki ce ga manomin dawa da masara, rahama ce ga wanda ake gudu da shi asibiti.

Sai dai akwai maganar da ba a cika yi ba lokacin yanke ƙyalle. Rami yana jawo hatsari, musamman in direba ya bar hannunsa ya koma na wani don ya kauce masa, amma rami yana kuma tilasta wa direba taka birki. Da zarar an shimfiɗa sabuwar kwalta, wannan tilas ta kau. Motar da ke rarrafe da gudun kilomita 30 a awa ta koma 90 ko 100, alhali garuruwan da ke bakin hanya suna nan yadda suke: kasuwa a kan titi, makarantar firamare a tsallake, rijiyar burtsatse a wancan gefe, masallaci da coci duk ƙofarsu na kallon kwalta.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu ya ninka sau huɗu. Direban da ke kan kilomita 40 a awa, daga ganin yaro zuwa tsayawar mota cak, yana buƙatar kimanin mita 20 a kan busasshiyar kwalta da birki mai kyau. Wanda ke kan 80 yana buƙatar kusan mita 60, kuma sama da mita 20 na farko zai cinye su ne tun ƙafarsa ba ta sauka kan birki ba. To, a ce yarinya mai tallar gyaɗa ta fito daga bayan wata tirela da aka ajiye a gefen titi, tazarar mita 25 tsakaninta da motar da ke tahowa. Direban farko zai tsaya, ya leƙo ta taga ya yi mata faɗa, ta tsallaka da farantinta a ka. Na biyu zai same ta kusan da dukan gudunsa. Yarinya ɗaya ce, kuskure ɗaya ta yi. Wanda mota ta buge tana gudun kilomita 50 a awa, jikinsa ya sha abin da wanda ya faɗo daga bene mai hawa uku zai sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun motar ya tashi daga 50 zuwa 65.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020 ya nemi a sauko zuwa 30 a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa. Amma allon da aka rubuta lamba a kai ba ya tsayar da mota. Abin da ke tsayar da ita shi ne yadda aka gina titin. A ƙasar Gana an gwada wannan a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Accra zuwa Kumasi, inda aka jera ƙananan tudun rage gudu a kan kwalta. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kashi 35 cikin ɗari, mace-mace da kashi 55, munanan raunuka da kashi 76. A lura da yadda lambobin suka jeru: munanan raunuka sun ragu da fiye da ninkin yadda haɗurran suka ragu. Mutane sun ci gaba da yin kuskure, amma kuskuren ya daina kashe su kamar da.

Mutanen ƙauyukanmu sun san wannan tun ba a faɗa musu ba. Shi ya sa da zarar mota ta kashe yaro, washegari za ka tarar an tara ƙasa da duwatsu an yi tudu a tsakiyar titi. Ina fahimtar zafin zuciyar da ke sa a yi haka, amma tudun da ba a auna ba, babu fenti, babu allon gargaɗi, shi kansa tarko ne ga mai babur da dare. Aikin injiniya ne, kuma tun a takardar kwangila ya kamata ya kasance.

Akwai kuma bambanci tsakanin cikin gari da wajensa. A tsakiyar Zuru, wajen Rikoto ko Rafin Zuru, cunkoson babura da Keke Napep da masu turin baro yana sa a yi ta gogayya, a ƙuje gwiwa, a fasa fitila, a yi cacar baki a watse. Mummunan rauni ya fi yawa a bakin gari, inda direba ya ga gidaje sun fara ƙaranci ya ɗauka ya fita, alhali ɗalibai da masu dawowa daga gona suna tafe a gefen kwalta saboda babu wata hanyar ƙafa. In dare ya yi kuma babu fitilar titi, mai baƙar riga da buhu a ka ba ya ganuwa sai an zo dab da shi.

Wane ne a kan hanyar?

A ƙasar Zuru babur shi ne motar talaka. Shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ne sana'ar dubban matasa 'yan kabu-kabu. Shi ne kuma abin hawan da ba shi da ƙarfe ko kaɗan tsakanin mutum da kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin mamatan. Wanda ya san shekarun masu riƙe da kan babur a Zuru ba zai yi mamakin wannan ba.

Ranar 1 ga Janairun 2009 FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasa. Mutane da yawa za su tuna yadda wasu suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce shingen jami'ai. Aka yi dariya, dokar ta yi sanyi, yau kuma sai ka tsaya a bakin titi ka ƙirga babura masu yawa ba ka ga hula ɗaya ba. Dalilan da ake bayarwa sanannu ne: zafi, tsada, ƙyamar sa hular da wani ya cire, tsoron kada a yi wa mutum asiri ta cikinta. A yankin da 'yan bindiga ke yawo a kan babura kuma, wanda ya rufe fuskarsa yana iya jawo wa kansa zargi a shingen bincike. Wannan dalili na ƙarshe yana da nauyi, amma hular da ke barin fuska a buɗe ta warware shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka ɗaure igiyarta tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Ƙafa in ta karye tana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa in ta taɓu da wuya ta koma yadda take. A Kigali ta Ruwanda kowane ɗan acaba hula biyu yake ɗauke da su, tasa da ta fasinja, kuma su ma ba masu kuɗi ba ne.

Sai goyo. Maigida a gaba, yaro a kan tanki, uwargida a baya ta zauna a karkace da jariri a bayanta, wani yaron kuma a matse a tsakiya. In babur ɗin ya zame a kan yashin da ruwa ya kwaso, maigida yana da hannuwa biyu a kan ƙarfe, ya kuma ga abin da ke tafe. Matar ba ta riƙe da komai, baya take faɗuwa, jaririn da ke bayanta shi ke fara isa ƙasa. Kan ƙaramin yaro ya fi nauyi in aka gwada da jikinsa, ƙashin kan kuma bai gama ƙwari ba. Haka tsoho: faɗuwar da saurayi zai tashi yana dariya, ita za ta karya wa dattijo ƙugu ta kwantar da shi kwanciyar da ba lallai ya tashi ba.

A je kasuwar Ribah ko Bena ko Mahuta ko Dirin Daji da la'asar sakaliya a ga yadda ake lodin komawa. An jera buhunan masara a bayan kanta har sun wuce bodi, an ɗaure da igiya, an ɗora awaki da babur ɗaya ko biyu a sama. Sannan mutane su fara hawa, ana miƙa wa mata hannu, yaran mota na cewa a matsa akwai sauran wuri. Masu zama a can ƙoli ƙafafunsu na lilo, abin riƙonsu igiyar da ta ɗaure buhu. Nauyin motar duk ya koma sama, don haka kwanar da za ta sha lafiya in babu kaya, yanzu tana iya kifar da ita. In ta kife, direba da masu zama a gaba suna cikin ƙarfe. Na sama kuwa za a watsar da su, kayan su biyo su su danne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, masu hawa irin wannan lodi suka ƙaru. Babu wanda ke hawa kan buhu don sha'awa. Abin da ke aljihun mutum shi ke zaɓa masa wurin zama, wurin zaman kuma shi ke zaɓa masa irin raunin da zai ji.

A ƙananan motocin haya ma haka ne: mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da na but. Bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da abin da ya kai rabi, amma mutum biyu ba sa ɗaura bel ɗaya.

Game da direba, kowa ya san abubuwan: barcin wanda ya kwana a hanya, waya a kunne, tayar da ta gama aiki a wata ƙasa aka kawo ta nan, ƙwayar tiramadol da wasu matasa ke sha wai don su jure aiki, burkutu ko giya a ranar kasuwa da lokacin biki, da wasan ganganci da babur wajen rakiyar amarya. Wanda ya bugu ba ya taka birki da wuri, wani lokaci ma ba ya takawa sam, don haka karonsa da cikakken gudu yake zuwa.

Bayan an ji ƙara

Rabin hukuncin ana yanke shi ne bayan ƙura ta lafa. Wani bincike da likita Charles Mock da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya gwada makomar waɗanda suka ji munanan raunuka a birane uku. A Seattle ta Amurka kashi 35 cikin ɗari ne suka mutu, a Monterrey ta Meziko 55, a Kumasi ta Gana 63. Mafi yawan bambancin kuma tun kafin a isa asibiti ya auku: a Kumasi kusan rabin masu raunin sun cika ne a wurin hatsarin ko a hanya.

Mutanenmu ba su da ƙyashin taimako. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, an ciro mutum, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai na reto, an cusa shi a mota ko an zaunar da shi a babur tsakanin mutum biyu. Wani ya kawo ruwa ya ɗura masa. Niyya ce mai kyau, amma in ƙashin wuya ya tsage, wannan ɗauka ita ce za ta tsinke laka, mutumin da zai iya warkewa ya shanye har ƙarshen ransa. Ruwan da aka ba wanda bai gama farfaɗowa ba yana iya bi ta hanyar numfashi. Jinin da za a iya tsayarwa da tsumma mai tsabta da dannawar hannu sai a bar shi yana zuba ana salati.

Daga nan sai nisa. Wanda ya faɗi a cikin Zuru mintoci kaɗan ne tsakaninsa da Babban Asibitin garin. Wanda ya faɗi a bayan Wasagu ko cikin ƙauyukan Sakaba sai an nemi abin hawa tukuna, an bi hanyar da damina ta cinye. In kuma raunin na ƙwaƙwalwa ne da ke buƙatar tiyata, tafiya ba ta ƙare a Zuru ba: sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa take. Birnin Kebbi ma, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Sir Yahaya suke, ta haura kilomita 200 daga Zuru. Jinin da ke taruwa a cikin ƙoƙon kai ba ya jiran a haɗa kuɗin mai.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi Danko/Wasagu da Sakaba, direba ya koyi cewa akwai dajin da ba a rage gudu a cikinsa, ko da rami ko babu. Motoci na tururuwar wucewa kafin duhu. Wanda ya ga mota a kife da dare yana tsoron tsayawa, don bai sani ba ko tarko ne. Waɗanda aka raba da ƙauyukansu kuma sun dawo gari da yaran da ba su saba tsallaka kwalta ba.

Mai ɗori yana da matsayinsa, kuma mutane na zuwa wurinsa ne saboda yana kusa, yana da sauƙin kuɗi, an kuma san gidansu. Karaya mai sauƙi takan warke a hannunsa. Amma in ƙashi ya huda fata ya fito, ko an ɗaure kara da tsumma tamau har yatsu suka kumbura suka yi sanyi suka fara baƙi, to kowace sa'a da aka ƙara tana kusantar da yanke hannun ko ƙafar. Likitocin ƙashi, har da na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sun daɗe suna kokawa da irin waɗannan da ake kawo musu a makare, yawancinsu yara.

Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma babu mai imani, Musulmi ko Kirista, da zai yi jayayya da ikon Allah. Amma mutumin da ya faɗi haka shi ne kuma ke kulle shagonsa da dare, yake yi wa shanunsa allura, yake ɗaure akuyarsa. Ban ga dalilin da zai sa a kan titi kaɗai za mu sallama ba.

Abin da za a iya yi bai fi ƙarfin ƙasar Zuru ba. Ma'aikatar ayyuka ta jiha ta tabbatar kowane gari da sabuwar kwalta ta ratsa tsakanin Dabai da Koko ya samu tudun rage gudu da aka auna aka yi wa fenti a mashigarsa da mafitarsa, da wurin ajiye manyan motoci nesa da inda yara ke tsallakawa. Ƙananan hukumomi su ja masu kasa kaya baya daga bakin titi, su ba su wuri, su sa fitila mai aiki da hasken rana a mahaɗu. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu su sa hula cikin sharuɗɗan rajista, a sayo da yawa a riƙa biya kaɗan-kaɗan yadda ake biyan kuɗin babur. A Gana, tsakanin 1998 da 2000, an koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko a kwas na sa'o'i shida kacal, saboda su ne ke fara isa wurin hatsari. 'Yan yuniyon na tashar Zuru, da ma'aikatan jinya, da ofishin FRSC za su iya shirya irin wannan a harabar tasha, da Hausa da C'lela. Fadar Sarkin Zuru da sarakunan Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu, da limamai da fastoci, in suka sa baki a maganar lodin mutane a kan kaya, za a ji.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya sa ka riski hatsari, kada ka ɗaga mutum sai an tallafe kansa da wuyansa a miƙe, a kan allo ko ƙyaure in da hali. Danne inda jini ke zuba. Kada ka ba shi ruwa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kiranta kyauta ne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa, kowane irin dalili ne.